Ƙarfin Aro a Fadama: Ina Iyaye Suke?

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da muke yi ƙasa-ƙasa a bakin gona, amma in an zo taron ƙungiya sai kowa ya yi gum. Maganar shaye-shayen samarinmu ce. Mukan ɓata yini guda muna gardama kan taki, da man injin ban ruwa, da bashin da ba a biya ba. Yaron da zai gaji gonar kuwa, ba mai tayar da zancensa sai ranar da aka kwaso shi ranga-ranga daga fadama.

Ra'ayina shi ne, gida ne ƙofar farko da wannan annoba ke shiga, gida ne kuma wurin da ya fi sauƙin tare ta. Mu manoma hannunmu biyu ne cikin lamarin. Ga mu iyaye, ga mu kuma masu ɗaukar 'ya'yan wasu ƙwadago. Bari mu duba hannuwan nan biyu, ba domin a kunyata kowa ba, sai domin a san inda za a kama gyara.

Girman abin

A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, suka yi bincike a dukan jihohin Nijeriya. Suka tarar mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye cikin shekarar da ta gabata. Watau kusan mutum ɗaya ke nan cikin bakwai, ba a kuwa lissafa giya da taba a ciki ba. Masu shan wiwi miliyan 10.6 ne. Masu shan ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tramol ba da izinin likita ba, miliyan 4.6. Masu shan maganin tari domin maye, miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. A shiyyarmu ta arewa maso yamma, inda Jihar Kebbi take, an sami kashi 12 cikin 100, watau wajen mutum miliyan 3.

Gwamnati ba ta zauna haka nan ba. Tun 1989 aka kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi. A watan Mayu na 2018 aka hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake sayar da shi ta bayan fage. A wannan shekarar kuma ƙasar Indiya, inda yawancin tramol ke fitowa, ta tsananta dokar fitar da shi. Sai me ya faru? 'Yan kasuwa suka kawo wata ƙwaya mai ƙarfi da ake kira Tafrodol, har sai da Indiya ta hana yin ta a 2025. A rufe wannan ƙofa, su buɗe waccan. Jiharmu kuma tana da iyaka da Nijar da Benin, hanyoyin daji ba su ƙirguwa. Wanda ke jiran ranar da ma'aikata za su kama ƙwaya ta ƙarshe a Kamba, zai daɗe yana jira. Abin da ke hannunmu shi ne yaron da zai miƙa kuɗi ya saya.

Da gandu, yau jinga

Dattawanmu sun san yadda gandu yake. Uba da 'ya'yansa maza suna fita tare da sassafe, su yi aiki a gona ɗaya har rana ta take. Uba shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa yaro aure. Da yamma yaro ya tafi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Ban ce gandu ba shi da wahala ba. Samari da yawa sun yi kuka da shi, wasu iyaye kuma sun ci gumin 'ya'yansu. Amma yana da abu guda mai tsada: uba yana ganin idon ɗansa kowace safiya. In yaro ya kwana a waje, fartanya za ta tona shi.

Yanzu gonaki sun rarrabu wajen rabon gado. Wani yaro yana makaranta, wani yana kabu-kabu a Birnin Kebbi, wani ya tafi ci rani. Sa'an nan shinkafa ta kawo kuɗi. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance. A 2016 Kebbi da Legas suka fito da shinkafar Lake Rice. A 2017 aka buɗe babban injin gyaran shinkafa na WACOT a Argungu. Fadamar Gulbin Rima ta cika da injunan ban ruwa, rani ya zama kamar damina. Wannan arziki ne, mun gode. Amma ga abin da ya biyo baya: yaro ɗan shekara 15 yana iya fita dashe ko yanka ko bugu, a biya shi a hannu da yamma, ba wanda ya san nawa ya samu, ba wanda ya san inda kuɗin suka shiga.

Aikin kuma sau da yawa jinga ne. Iyakar abin da ka gama, iyakar abin da za a ba ka. Yaro yana sunkuye cikin ruwa tun safe, baya na ciwo, rana na dukansa, ga na kusa da shi ya wuce shi da kunya biyu. Sai wani ya ce masa, ga maganin gajiya. A nan ne yara da yawa na ƙauye suke fara haɗiyar ƙwaya. Ba neman nishaɗi ya kai su ba tun farko, neman ƙarfin aiki ne.

Abin da tramol ke yi a jiki

Tramol magani ne na gaske, likita yana ba mai ciwo mai tsanani. Wanda hukuma ta yarda a sayar shi ne mai miligiram 50 da mai 100, kuma ko babban mutum mara lafiya ba a ba shi fiye da miligiram 400 a yini. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa akwai mai 200, akwai mai 225. Yaron da ya haɗiye guda biyu na 225 kafin ya shiga fadama ya riga ya wuce iyakar da likita ya sa wa babba.

Ƙwayar ba ta ƙara wa jiki ƙarfi ko kaɗan. Toshe kunnen mutum take yi, kada ya ji kukan jikinsa. Gajiyar tana nan, tana taruwa kamar bashi. Bayan 'yan makonni guda ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. In ya kwana bai sha ba sai ciwon gaɓoɓi, da gumi, da zawo, da rashin barci, har a gida a zaci zazzaɓi ne. In ya sha da yawa tana jawo farfaɗiya, wanda kuwa ya faɗi cikin ruwan shinkafa ko a bakin gulbi, ruwa kaɗan ya isa ya kashe shi. In aka haɗa ta da giya ko ƙwayar barci, numfashi yana iya tsayawa.

Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa wanda ya fara shaye-shaye yana ɗan 14 ya fi saurin kamuwa, ya fi wuyar rabuwa da shi, bisa ga wanda ya fara da girmansa. Kowace shekara guda da iyaye suka tsare yaro bai fara ba, riba ce babba.

To, ga tambaya. Uban da ɗansa ya kawo masa kuɗin aikin ƙato biyu, ya karɓa ya sa aljihu, bai tambayi inda ƙarfin ya fito ba, me ya koya wa yaron? Mai gonar da ke yabon wani yaro a gaban sauran, yana cewa wane ai inji ne, alhali yana ganin yaron ya yini bai nemi abinci ba, me ya koya wa sauran? In kuwa akwai mai gonar da ke saya wa 'yan ƙwadagonsa ƙwaya domin aikinsa ya ƙare da wuri, ya sani da ran ɗan maƙwabcinsa ya cika buhunsa.

Tsaga huɗu a bangon gida

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina ganin tsaga huɗu ne suka fi yawa a gidajenmu.

Ta farko, abin da yaro ke gani. Uban da ke aiken ɗansa sayen taba ko burukutu ya riga ya nuna masa hanya, ya kuma haɗa shi da mai sayarwa. Uwar da kowace gajiya sai ta kira mai tallar magani a kwali ta haɗiye ja da fari, ta koya wa 'yarta cewa maganin kowace damuwa yana cikin leda. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wa'azin baki ba ya goge abin da ido ya gani.

Ta biyu, rashin zance. A al'adarmu akwai kunyar ɗan fari, har wasu iyaye ba su ambatar sunansa. Uba yana cin tuwonsa shi kaɗai ko da abokansa a ƙofar gida, samari suna can da nasu akushi. Da can wannan bai yi ɓarna sosai ba, gama akwai kaka da kawu da gwaggo a gida ɗaya, su ne abokan sirrin yaro. Yanzu gidaje sun rabu, kunyar ta rage, masu cike gurbin sun tafi. Yaro yana iya yin wata guda bai ji daga bakin ubansa ba sai aike ko faɗa. Wanda ba a saurare shi a gida ba, akwai masu sauraronsa a bayan tasha.

Ta uku, rigimar manya. Faɗan miji da mata na yau da gobe, mutuwar aure, fifita wani ɗa a kan wani, maraya ko ɗan riƙo da aka mai da shi bawan gida. Yaron da ke cikin irin wannan hali ba ƙarfin aiki yake nema ba, abin da zai sa ya manta yake nema. A nan 'yan mata suka fi shiga haɗari, domin nasu a ɓoye yake. Saurayi in ya sha wiwi za a ji wari. Yarinya kuwa tana iya zuba maganin tari cikin kwalbar lemo ta sha a ɗaki, a ce barci ne ya yi mata yawa.

Ta huɗu, horon da ba shi da tsaka-tsaki. Wani uban ba ya tambayar komai har sai abu ya lalace, sa'an nan ya ɗauki dorina, ko ya ce yaro ya bar masa gida. Sakaci shekara biyar, duka dare ɗaya. Dukan nan ba ya cire ƙwaya daga jini, sai dai ya koya wa yaro ɓoyewa. Korar kuwa kyauta ce aka miƙa wa dillali. Mun ga ƙarshen wannan hanya a watan Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, suka fitar da mutum fiye da 300, maza da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo aka sami irinsa a Daura. Da yawa cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biya, suna zaton gyara ake yi.

Wani zai ce

Wani zai ce, ai wannan ɗora wa iyaye laifi ne, alhali talauci ne da rashin aiki da miyagun abokai. Wani kuma zai nuna gidan mutumin kirki, mai horo da ƙauna, wanda duk da haka ɗansa ya lalace. Gaskiya ne, akwai irin waɗannan gidaje, kada kuwa kowa ya yi musu dariya, gama ba wanda ya san gobensa. Gaskiya ne kuma ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi ta bar iyaye da yawa ba su da lokacin komai sai neman abin sawa a baka. Kulawar iyaye ba laya ba ce. Kamar shingen gona take: akuya takan tsallake wani lokaci, amma ba mai hankalin da zai ce saboda haka a daina shinge.

Abokai ma, wa ya kamata ya san su? Akwai wata ƙasa da ta gwada wannan ta ga amfaninsa. Sunanta Ayislan, wani tsibiri mai sanyi a arewacin Turai, mutanenta duka ba su kai rabin miliyan ba. A 1998, cikin yaransu 'yan shekara 15 da 16, kashi 42 cikin 100 sun yi maye da giya a watan da aka tambaye su. Zuwa 2016 abin ya sauko kashi 5. Masu shan taba kullum suka ragu daga kashi 23 zuwa 3. Me suka yi? Suka daina dogara ga tsoratar da yara kaɗai. Aka sa doka, ɗan shekara 13 zuwa 16 ba ya yawo a waje bayan ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi. Iyayen kowace makaranta suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, kowa ya san inda ɗansa yake da waɗanda yake tare da su. Aka ƙarfafa iyaye su riƙa zama da 'ya'yansu. Aka buɗe wa yara wuraren wasanni da kiɗa bayan makaranta.

Lalle su masu kuɗi ne, mu ba mu da irin kuɗinsu. Amma ku duba jerin nan da kyau. Sanin inda yaro yake ba ya cin ko kwabo. Yarjejeniya tsakanin iyaye ba ta bukatar rancen banki. Wasanni kuwa, ƙasar da ke da kokawa da dambe da tseren kwalekwale, ƙasar da tun 1934 take tara duniya a bakin Matan Fada domin bikin kamun kifi, ba za ta ce ba ta da abin da za ta ba samari su yi ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uba guda in ya ce ɗansa ya dawo gida bayan cin tuwo, yaron zai ce duk garin ni kaɗai aka matsa wa. In gida ashirin suka faɗi magana ɗaya, ta zama dokar gari. Ƙungiyarmu ta riga ta iya wannan, gama haka muke sayen taki tare. Ga shawarata.

1. A sa ƙa'idar ƙwadago a gonakin 'yan ƙungiya. A huta da tsakar rana, a ba da abinci da ruwan sha. Kada a ba ƙaramin yaro jingar da ta fi ƙarfinsa, kada kuma a ɗauke shi ba da sanin iyayensa ba. Wanda aka tabbatar yana ba ma'aikata ƙwaya, a hana shi rance da taki na wannan shekara.

2. A komo da gayauna. Kowane uba ya yanka wa saurayinsa ɗan fili, ko ƙungiya ta ware wa samari wani yanki na fadama, a ba su iri da taki bashi, wani dattijo yana duba su. A buɗe musu adashi nasu. Yaron da ke tara kuɗin ɗan maraƙi ko injin ban ruwa yana da dalilin riƙe kuɗinsa.

3. Iyaye su yi alkawari a tsakaninsu kan lokacin dawowa gida da dare, da cewa ba mai aiken yaro sayen giya ko taba. A kuma yarda cewa wanda ya ga ɗan wani a mugun wuri zai gaya wa uban a asirce, uban kuwa ba zai yi fushi ba. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma yau in ka tsawata wa ɗan maƙwabci sai a daina gaisawa da kai.

4. A saurari mata. Uwa ce ke fara ganin tuwon da aka bari, da hatsin da ke raguwa a rumbu, da ledar da ke cikin aljihu ranar wanki. Sau da yawa tsoron dukan da za a yi wa yaron ne ke sa ta rufe baki. Maigida ya ba matarsa tabbacin cewa in ta faɗa, gyara za a nema. Zumuntar mata kuma ta sa ido kan 'yan mata masu talla da marayun da ke riƙo.

5. A haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi, da mai unguwa, da hakimi. Dillalin ƙwaya ba ya tambayar addinin mai saye, yaranmu da nasu fadama ɗaya suke dashe. Ƙa'idar ƙwadago ba za ta yi ƙarfi ba sai gonar gabas da ta yamma sun bi ta tare.

In yaro ya riga ya faɗa

Ku lura da alamu: rama, rashin cin abinci, yawan susa, saurin fushi, kuɗi ba su zama a hannu, da safe ba ya moruwa sai ya fita ya dawo. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma in sun taru a bincika.

Kada a yi masa magana yana cikin maye, kada kuma a gaban ƙannensa. A bari da safe, uba ko kawu ko wanda yaron ke jin nauyinsa ya zauna da shi, ya fara da tambaya: yaushe ka fara, me ya kai ka? Amsar ita ce za ta nuna ko aikin ne ya yi masa yawa, ko wani ciwo ne a zuciya. Wanda ya daɗe yana sha, kulle shi a ɗaki ba ya warkar da shi, jikinsa yana bukatar likita ya rage masa a hankali. A fara da asibitin da ke kusa, a Argungu ko Birnin Kebbi. In abin ya yi nauyi akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara, ba kame kaɗai take yi ba. In farfaɗiya ta kama shi, a janye shi daga ruwa da wuta, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, a kai shi asibiti.

A kuma sani, mai warkewa yakan koma sau ɗaya ko sau biyu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ba dalilin yanke ƙauna ba ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sauran 'yan ƙungiya kuma kada su guji gidan, su ba yaron aiki daidai ƙarfinsa, gama zaman banza da tsangwama su ne ke mai da shi inda ya fito.

Manomi ya san ba a shuka a tafi sai ranar girbi. Kullum sai an zaga, an duba ruwa, an duba tsutsa, an kori tsuntsu. Ku da kuke da samari a gida, yau da dare ku kira yaron ku ci tuwo a akushi ɗaya. Ku tambaye shi gonar wa ya yi aiki, nawa aka ba shi, su wa suka yi tare. Ranar farko zai yi mamaki, watakila ya ba ku amsa guntu-guntu. Ku sake gobe.

Allah ya raya mana su, ya ba mu hikimar riƙonsu.